A Share Rumbu, Amma A Bar Iri

A ƙasar Sakaba, cikin masarautar Zuru, kowane magidanci ya san aikin da ake yi gab da kaka. Akan buɗe rumbu a fid da tsohuwar dawa domin sabuwa ta sami wuri. Amma ko yunwa ta yi tsanani, ba mai taɓa damin iri. Kwamfutar da ta shigo gidajenmu ma haka take so a yi mata.

Tun shekarar 2000 kamfanin Microsoft ya sa wata dabara cikin Windows. Kafin a yi wa kwamfuta wani babban gyara, takan adana yadda tsarinta yake a ranar. Idan gyaran ya rikita ta, sai a mai da ita yadda take dā. Wannan ita ce ajiyar komawa baya. To, ajiyar nan takan yi ta taruwa a ɓoye, har wata rana yaro ya zo adana aikin makaranta, ya tarar babu wuri.

Ga abin da za mu yi. Mu buɗe Disk Cleanup, mu danna Clean up system files, sa'an nan More Options. A nan za mu share tsofaffin ajiya duka, ta ƙarshe kaɗai za ta rage. Daga nan mu shiga System Protection, mu danna Configure, mu yanka wa ajiyar iyaka. A ganinmu kashi 5 cikin 100 na faifai ya ishi gida. In iyakar ta cika, kwamfuta da kanta za ta riƙa zubar da mafi tsufa.

Sai mu yi hankali da maɓallin Delete da ke wurin, gama shi ba ya barin ko ɗaya. Wanda ya danna shi ya cinye irinsa ke nan. In mun riga mun danna, mu danna Create nan take, mu yi sabuwar ajiya.

Abu ɗaya kuma, 'yan'uwa. Ajiyar nan tsarin kwamfuta take tsarewa, ba ta mai do da hotunan aure ko takardun yara da suka ɓata. Waɗannan mu kwafe su cikin filashi tun yau, mu ajiye a wani ɗaki dabam.