Kwamfuta Ko PlayStation: Lissafin Da Ke Gaban Masu Gidajen Gem A Lafiya

LAFIYA — An shafe shekaru masu yawa 'yan wasan bidiyo na ƙasashen Turai da Amurka suna gardama a kan wadda ta fi tsakanin kwamfuta da na'urar da aka ƙera don wasa kaɗai, irin su PlayStation ta kamfanin Sony da Xbox ta kamfanin Microsoft. Magoya bayan kwamfuta suna kafa hujja da kyawun hoto da kuma 'yancin sauya kayan ciki, su kuwa ɗaya ɓangaren suna cewa tasu ta fi araha, kuma da an jona ta sai wasa. A can gardama ce ta sha'awa. A Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, magana ce ta jari, domin ana amfani da na'urorin a gidajen gem, inda matasa ke biyan kuɗi a kan kowane wasa.

Kasuwar ta samu ne sakamakon bunƙasar garin. Tun da aka ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikata suka yi ta tarewa a Lafiya, daga baya kuma Jami'ar Tarayya da ta fara aiki a 2011 da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai suka tara ɗalibai. Waɗannan su ne abokan ciniki, kuma abin da ke kawo mafi yawansu shi ne ƙwallon ƙafa: wasan FIFA na kamfanin EA, wanda aka sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023, da PES na kamfanin Konami, wanda ya koma eFootball a 2021. Mutum biyu ne ke zama gaban talabijin guda, su buga na 'yan mintoci, a biya, wasu su hau. Wannan tsari shi ya ba PlayStation rinjaye tun zamanin PS2, wadda ta fito a 2000 aka kuma sayar da fiye da guda miliyan 155 a duniya.

Abin da ke tsakiyar gardamar shi ne katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a allo, sau da dama cikin daƙiƙa guda. Kamfanoni biyu na Amurka ne suka mamaye harkar: Nvidia, wanda aka kafa a 1993, da AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006. Abin lura a nan shi ne, PS4 da PS5 da Xbox na baya-bayan nan duk da kayan AMD suke aiki, saboda haka a cikin ciki ba su da wani bambanci mai yawa da kwamfuta. Bambancin yana wajen ciniki. Mai kwamfuta yana iya cire katinsa ya sa sabo duk lokacin da aljihu ya yarda, amma na PlayStation a manne yake har tsawon rayuwar na'urar, shekara shida zuwa bakwai kafin wata ta gaje ta.

Wannan 'yanci na mai kwamfuta ya yi tsada matuƙa. A 2017, sannan daga 2020 zuwa 2021, masu haƙar kuɗin intanet sun yi wa katunan hoto wawa, har farashi ya ninka a kasuwa. Lamarin ya lafa a Satumbar 2022, lokacin da tsarin Ethereum ya daina dogaro da irin wannan haƙa, sai kuma ga kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun shigo da buƙatar da ta fi ta farko. Darajar Nvidia a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 1 a 2023, ta haura tiriliyan 4 a 2025, kuma manyan cibiyoyin adana bayanai ne suka kawo yawancin wannan arziki. Ɗan wasa, wanda da kuɗinsa aka gina kamfanin, ya koma sahun baya. Katin RTX 4090 ya fito a kan dala 1,599 a 2022, RTX 5090 kuma dala 1,999 a 2025, kati kaɗai ke nan ba tare da sauran kwamfutar ba. PS5 sukutum ɗinta an fara sayar da ita dala 499 a Nuwamban 2020. Gaskiya ne akwai katuna masu matsakaicin farashi, amma ko su, idan aka haɗa da sauran kaya, da wuya kuɗin ya tsaya a farashin PS5 guda.

Ga ɗan kasuwar Nijeriya, dole a ɗora faɗuwar Naira a kan wannan. Kafin Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan kimanin Naira 460. A cikin 2024 ta wuce Naira 1,500. Kayan kuwa duk na waje ne, ana sauke su a kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja a Legas, ko a saye su a Banex Plaza ta Abuja, a biyo da su ta Keffi da Akwanga. Wannan ne ya sa PS4 ta hannu, wadda aka fara fitarwa tun 2013, har yanzu take da kasuwa.

Sai batun wuta, wanda masu gardamar ƙasashen waje ba su cika tunawa da shi ba. PS5 tana shan kimanin wat 200 a lokacin wasa. Katin RTX 4090 shi kaɗai an ƙiyasta masa wat 450, RTX 5090 kuma 575, ban da abin da sauran kwamfutar ke ja. Lafiya tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC, kuma ko da yake an ƙaddamar da babbar tashar Akurba a 2022, babu gidan gem da zai yi ciniki babu janareto ko sola a ajiye. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta wuce Naira 1,000 a ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa Naira 225 kowane kilowat a sa'a, kafin a ɗan rage shi. Ƙaramin janareto da zai ɗauki na'urorin PlayStation huɗu da talabijin ɗinsu ba zai ɗauki manyan kwamfutoci biyu cikin kwanciyar hankali ba. Zafin watan Maris da ƙurar hunturu kuma ba su raga wa ko wacce.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa arahar PlayStation kyauta ce. Tsohuwar dabarar masana'antar ita ce a sayar da na'ura a kan riba kaɗan, ko ma a kan faɗuwa kamar yadda Sony ya yi da PS3 a 2006, sannan a fanshe a wajen wasanni. Sony yana karɓar kashi 30 cikin ɗari na abin da aka saya a shagonsa na intanet, kamar yadda Valve ke yi a shagon Steam na kwamfuta. Farashin sabon babban wasa ya tashi daga dala 60 zuwa 70 tun daga 2020, kuma wasan ƙwallo duk shekara ake sake shi. Matasa ba sa son buga wanda sunayen 'yan wasansa suka tsufa, don haka mai gida ba shi da zaɓi. Karawa da wasu ta intanet a PlayStation tana buƙatar kuɗin rajista na wata-wata a yawancin wasanni, abin da mai kwamfuta ba ya biya. Akwai kuma kuɗin da ake kashewa a cikin wasa don buɗe akwatin da ba a san ɗan wasan da ke ciki ba. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin wannan a matsayin caca a 2018, har EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar a farkon 2019.

Abin da ya fi barazana ga jarin masu gidajen gem shi ne yadda faifai ke ɓacewa. Faifai kadara ce: ana sayensa na hannu, a yi musanya, a sayar idan an gama da shi. Wasan da aka sauke ta intanet kuwa yana ɗaure da asusun wanda ya saya. Sony ya fitar da PS5 marar gurbin faifai tun 2020, sannan PS5 Pro ta Nuwamban 2024 ta zo a kan dala 699 ita ma babu gurbin, sai an saye shi daban. Sabon wasa yana iya cin gigabayit 50 zuwa 100, ga kuma gyare-gyaren da ake turowa akai-akai, duk a kan kuɗin data.

Bugu da ƙari, Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ya buɗe wa shagonsa a hukumance. A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ke da wannan gata. 'Yan Nijeriya kan buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, su sayi katin cika asusu da dala ko fam daga hannun dillalai. An ga haɗarin wannan a Mayun 2024, lokacin da Sony ya wajabta wa masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation, aka kuma dakatar da sayar da wasan a ƙasashe da yankuna fiye da 170 da ba su da shagon. Sony ya janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki saboda ƙorafin 'yan wasa, amma darasin ya fito fili ga wanda ya zuba kuɗi a asusun da aka buɗe da adireshin aro.

Inda kwamfuta ke da rinjaye shi ne tana da sana'a ta biyu. Da rana, lokacin da ɗalibai ke aji, ana iya amfani da ita wajen zanen fosta, tace bidiyon biki, buga takardu da cike fom na jarrabawa, da yamma kuma ta koma wasa. Idan wani ɓangare ya lalace, shi kaɗai ake sauyawa. Mai gidan da ke kusa da makaranta yana iya ajiye guda ɗaya ko biyu masu matsakaicin kati don wannan aiki. Amma muddin ƙwallon ƙafa ne ke cika benci, kuma janareto ne ke riƙe da ciniki, PlayStation mai gurbin faifai ita ce lissafi ya fi goyon baya, tare da ware kuɗin sauya abin riƙewa na hannu, wanda shi ne ke fara lalacewa a kowane gidan gem.