Ire-iren Karnuka da Halayensu

Yawancinmu a ƙasar Gwarzo da Kabo, da an ce kare, ba abin da ke faɗo mana a rai sai haushi da cizo. Alhali kuwa karnuka iri-iri ne, kowanne da aikin da ya gada. Wata ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, wadda aka kafa a 1911, ta kasa su gida 10. Mu a nan uku ne suka fi shafarmu, su ne kuwa waɗanda malamanmu suka ce addini ya yarda a ajiye: na farauta, da na kiwo, da na tsaro.

Na farko shi ne karen farauta. Siriri ne, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, ga gudu kamar iska. Shi ne muke gani bayan mafarauta da rani, idan an kawar da amfanin gona, yana korar zomo da gafiya da kurege. Buzayen Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suna da irinsa wanda ya yi suna har ƙasashen Turai. Da ido yake farauta, amma akwai waɗansu masu bin sawu da hanci.

Na biyu karen kiwo ne, irin wanda ke rugar Fulani. Ba ya nisa da garke, kuma da dare shi ne ke fara jin motsin ɓarawo ko kura. A Ingila har akwai wanda ke tattaro tumaki shi kaɗai idan makiyayi ya yi masa fito.

Na uku shi ne na tsaron gona da gida. Wanda ya fi shahara shi ne wanda muke kira karen 'yan sanda, asalinsa daga Jamus, inda aka fara rajistar irinsa a 1899. Ƙaƙƙarfa ne mai saurin ɗaukar horo, sai dai ci gare shi, kuma zafin ƙasarmu yana wahalar da shi.

Saboda haka kafin mutum ya ajiye kare, sai ya san aikin da yake so ya yi masa, don kada a ɗauko kare don haushi ya koma tunkuyi.

Amma akwai abu guda da ya haɗa su duka, watau ciwon haukan kare. Wannan cuta da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi, kuma yara ta fi kamawa, don su ne masu tsokanar karnuka. Tun 1885 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya samo allurar rigakafinta. Ina roƙon iyayenmu su riƙa kai karnukansu wurin malaman dabbobi a yi musu allura kowace shekara. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a garzaya da shi asibiti ran nan, kada a ce sai gobe.