Yawan Baƙin Mai da Zaɓen Filta: Lissafin da ke Gaban Masu Tsofaffin Motocin Jigilar Citta a Kachia

KACHIA, Jihar Kaduna. Daga watan Oktoba, lokacin da ake fara haƙar citta a ƙananan hukumomin Kachia, Jaba da Kagarko, akasarin amfanin yana fitowa ne daga gonakin da babu kwalta a hanyoyinsu. Cikin motocin da ke jure wannan aiki akwai tsofaffin Land Rover da Toyota Land Cruiser da akori-kurar Hilux, waɗanda wasunsu sun haura shekara 30 a kan hanya. Ga mai irin wannan mota, injinta shi ne jarinsa, kuma tsawon ran injin ya dogara ne kan abubuwa biyu masu ƙaramin kuɗi, wato yawan baƙin man da aka zuba masa da irin filtar da aka ɗaura.

Al'amarin ya ƙara nauyi tun daga 2023. A ranar 29 ga Mayun shekarar aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki darajar naira, ta yadda dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a 2024. A daminar 2023 ɗin ce kuma annobar ruɓewar citta ta lalata gonaki masu yawa a kudancin Kaduna, abin da ya rage lodi, ya rage kuɗin shigar direbobi. Baƙin mai bai tsira daga tsadar ba, domin sashen matatar Kaduna da aka buɗe a 1983 don samar da tushen man ya shafe shekaru ba ya aiki, sai kamfanonin haɗa mai suka dogara da wanda ake shigowa da shi da dala.

A irin wannan hali, abin da mai mota kan fara ragewa shi ne kuɗin juye. Sai dai adadin man da inji ke ci ba abin ciniki ba ne. Injin Land Rover Series III mai silinda 4 da girman lita 2.25, wanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, yana ɗaukar lita 6 a cikinsa, sannan filta sabuwa ta sha kusan lita 0.85, jimilla lita 6.85. Injin gas na Land Cruiser mai lamba 1HZ, wanda ya fito a 1990, yana cin fiye da lita 9, yayin da injin fetur na Hilux mai lamba 22R ke tsayawa a lita 4 da 'yan kai.

A kasuwa kuwa galan mai lita 4 ko mai lita 5 ake sayarwa. Wanda ya saba da ƙaramar mota, inda galan ɗaya ke isa, yana iya ɗauka haka abin yake a ko'ina. Idan aka zuba wa Land Rover galan mai lita 5 aka tsaya, an tauye mata fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatarta. Abin da ya dace shi ne galan mai lita 5 da gwangwani biyu masu lita ɗai-ɗai, ko kuma galan biyu masu lita 4, a ajiye ragowar don ciko. Cike giɓin da man awo na bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, yana ɓata mai kyaun da aka riga aka biya kuɗinsa.

Illar ƙarancin mai ta fi tsanani a hanyar gona. Mai kaɗan yana saurin yin zafi, ya tsinke, kuma idan mota ta karkata a hawa ko gangare da lodi, man kan taru a gefe guda, famfon ya ja iska, ƙarafan da ke juyi su gogi juna a bushe. Daga nan ne inji ke bugawa. Zuba fiye da ƙima ma ɓarna ce, domin man yana yin kumfa, ya kuma matsa wa robobin inji har su fara yoyo.

Kazalika, sunan da ke jikin mota ba ya isa hujja, domin da yawa daga cikin waɗannan motoci an canja musu inji. Lambar injin ake dubawa, sannan gejin mai ya yanke hukunci: a tsayar da mota a wuri mai daidai, a tayar da ita filta ta cika, a kashe, a jira 'yan mintoci, sannan a auna. Dangane da kaurin mai, SAE 20W-50 ya dace da tsohon injin fetur a ƙasa mai zafi, 15W-40 kuma shi aka fi amfani da shi a injin gas. A alamar API da ke jikin galan, harafin S na fetur ne, C kuma na gas.

Batun filta ya fi wuyar ganewa, domin aikinta a ɓoye yake. Tsohuwar Land Rover tana amfani da matacin takarda da ake sakawa cikin kofin ƙarfe, kuma akwai dogo akwai gajere, kowanne da kofinsa. Wajibi ne a cire tsohuwar robar bakin kofin kafin a sa sabuwa, don idan suka haɗu biyu man zai tsiyaye. Motocin Toyota kuwa filtar gwangwani ake murɗa musu, kuma a nan kuskure ya fi yawa, saboda filtoci da dama bakinsu ɗaya ne alhali cikinsu ya bambanta.

A tsarin tace man akwai bawul da ke buɗewa idan takarda ta toshe, domin kada inji ya rasa mai, a yawancin filtocin gwangwani kuma akwai robar da ke hana man komawa ƙasa idan an kashe mota. Filtar jabu takan zo da takarda kaɗan, bawul ɗinta kuma ya buɗe tun kafin lokaci, sai datti ya riƙa zagayawa cikin inji ba tare da direba ya ga alama ba. Injin gas, saboda yawan baƙin hayaƙin da ke shiga mansa, yana buƙatar filta babba, don haka ɗaura masa ta ƙaramar mota tsimin banza ne.

Yanayin yankin ma yana shiga lissafi. Jigilar citta tana haɗuwa da ƙurar hunturu, kuma littattafan masu ƙera motoci suna umartar a taƙaita wa'adin juye a hanya mai ƙura. Da damina, idan mota ta ƙetare rafi mai zurfi aka ga man ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, sai a juye nan take.

Ta fuskar tattalin arziki, kuɗin lita biyu na mai da bambancin filtar kirki da ta jabu ƙanana ne idan aka kwatanta da sauke inji, ko neman wani na hannu a kasuwar Panteka ta Kaduna da farashin da ke bin dala. Ban da wannan akwai asarar makonnin da mota za ta yi a gareji a tsakiyar kaka, lokacin da akasarin ribar shekara ke shigowa. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin sa ido kan ingancin kayayyaki, ciki har da mai da filta, amma a ƙauyen da ke nesa da ofishinta, kariyar mai mota ita ce ya sayi galan a rufe daga dilan da aka sani, ya san lambar injinsa, ya kuma duba geji kowace safiya kafin lodi.