Ƙwallo, Waakye da Ataya: Gidajen Kallo a Zangunanmu

Duk wanda ya ratsa babban titin Nima da yammacin Asabar, ba sai an gaya masa ana ƙwallo a Ingila ba. Kafin ya ga talbijin, hayaƙin cicinga ya riga ya tarye shi. Can sai ya ji ihu ya tashi daga wata rumfar kwano, sai kuma wata rumfar ta amsa daga tsallaken titi. Haka abin yake a Maamobi, haka a Sabon Zongo, haka a Fadama da Madina. Gidan kallo ya zama wata ƙaramar kasuwa a unguwanninmu, kuma ya kamata mu zauna mu duba abin da ake ci, da abin da ake sha, da abin da ake rasawa a cikinsa.

A sauran sassan birnin Ankara, kamar Osu da Labone, kallon ƙwallo da shan giya tare suke tafiya. Mai mashaya ba ya karɓar kuɗin shiga, domin ribarsa tana cikin kwalba. Yakan jera manyan talbijin, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, mutum ya zauna da Club ko Guinness a gabansa, da gasasshen kifi da banku, har alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe. Mu a Zango tsarin ya sha bamban. Mai gidan kallo benci yake jerawa, ya biya kuɗin DStv, ya tanadi janareto, ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar 'yan kuɗin shiga. Ba ya sayar da komi sai kallo. Ci da sha kuwa na mutanen waje ne, kuma a nan albarkar abin take.

Ga Hajiya mai waakye da babbar tukunyarta, da taliya da shito da dafaffen ƙwai da wagashi. Sunan abincin nan ma daga bakinmu ya fito, wato wake, kuma yau ba ƙabilar da ba ta cinsa a Ghana. Ga mai cicinga yana barbaɗa yaji. Ga yarinya da bokitin ƙanƙara cike da sobolo da burkina da lamurji. Ga mai shayi da tebur ɗinsa na burodi da ƙwai. A gefe guda kuma samari sun kewaye gawayi, ataya tana tafasa, ana zuba ta daga sama har ta yi kumfa, ana miƙa ɗan ƙaramin kofi daga hannu zuwa hannu. Wanda ƙungiyarsa ta ci yakan saya wa abokai nama. Wanda aka lallasa kuwa sai ya haƙura da tsokana, a ba shi kofi na biyu ya wanke baƙin ciki.

Idan muka lura, sidin da saurayi ya kashe a nan ba ya barin unguwa. Daga hannunsa ya shiga hannun mai waakye, daga nan ya tafi wurin mai shinkafa a kasuwar Nima da mahaucin unguwa, wani kuma ya zama kuɗin makarantar yaro. Iyayenmu mata da yawa sun san ranakun manyan wasanni kamar yadda suka san ranar kasuwa, domin a ranar sukan ƙara mudu.

Son ƙwallo ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun kafin a buɗe gidan talbijin na ƙasa a 1965, iyayenmu suna taruwa a gindin rediyo. Ghana ta ɗauki kofin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1965 da 1978 da 1982, kuma akwai ƙafar 'yan Zango a cikin wannan tarihi. Mohammed Polo na Hearts of Oak ɗan Nima ne, yana cikin waɗanda suka ci kofin 1978 a nan Ankara. Karim Abdul Razak na Asante Kotoko shi ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a wannan shekara. Ba kuma za mu manta da ranar 9 ga Mayu, 2001 ba, ranar da aka harba barkonon tsohuwa a filin wasa na Ankara bayan wasan Hearts da Kotoko, mutum fiye da 120 suka rasu a turmutsutsu, da yawansu 'ya'yan zangunanmu ne. Allah ya jiƙansu. Bayan da tauraron ɗan'adam ya kawo gasar Firimiya har cikin lungu, sai taron ya koma rumfunan unguwa.

Ranar Litinin, 28 ga Nuwamba, 2022, duk mun shaida abin da rumfunan nan suke iya yi. An fara wasan Ghana da Koriya ta Kudu a Ƙatar da ƙarfe ɗaya na rana agogonmu. Mohammed Salisu ya fara jefa ƙwallo a raga, sannan Mohammed Kudus ya ci biyu, aka tashi uku da biyu. Kudus a Nima aka haife shi a 2000, a ƙungiyar Strong Tower ta unguwa ya fara taka leda kafin makarantar Right to Dream ta ɗauke shi, ya wuce Danmak, sannan Ajax a 2020, da West Ham a 2023, da Tottenham a 2025. A ranar nan tsoho da yaro, mai Hearts da mai Kotoko, duk sun zama ɗaya. An yi murna har dare, kuma yawancinmu ba mu nemi kwalba ba kafin mu yi ta.

To amma masu iya magana sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun daɗe muna tsare ƙofa kada giya ta shigo, ashe wata baƙuwa ta shigo ta taga. Wannan baƙuwa ita ce caca. Shagunan cacar ƙwallo suna nuna wasa kyauta, kamar dai mashaya, domin su ma ribarsu ba a kallon take ba. Wanda bai je shago ba, wayarsa ta ishe shi: yana zaune a kan benci cikinmu, yana tura kuɗi ta MoMo. Dokar caca ta 2006 ta hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga wannan harka, amma wa yake duba wayar yaro a cikin rumfa? Gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan abin da mutum ya ci a 2023, ta kuma soke shi a 2025. Ko da haraji ko babu, kuɗin da ya tafi caca ba ya dawowa tukunyar Hajiya. Za ka gane mai caca daga zamansa: ba ya murna da ƙwallo mai kyau, ba ya sayen nama, ba ya dariya, lissafi kawai yake yi.

Abu na biyu shi ne abin da ake zubawa a cikin abin sha. Ba kowace kwalbar lemo ba ce lemo zalla. Tun wajen 2018 hukumar kula da abinci da magunguna take gargaɗi a kan matasa masu shan Tramadol, wasu kuma suna narka shi a lemon ƙara kuzari. Wanda ya ƙi giya ya sha wannan, ya gudu ne bai tsira ba.

Abu na uku lokaci ne. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya ne da na Ingila, saboda haka wasan ƙarfe uku yakan haɗu da La'asar, na biyar da rabi kuma da Magariba. Hutun rabin lokaci minti 15 ne, ya isa alwala da salla ga wanda ya yi niyya. Wasannin Zakarun Turai kuwa dare ake yinsu, ranakun Talata da Laraba, alhali yara suna da makaranta da safe.

Ba rufe gidajen kallo muke nema ba. Idan aka rufe su, samarinmu ba za su daina kallo ba, sai dai su koma shagon caca ko mashaya, mai waakye kuma ta rasa ciniki. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Masu gidajen kallo su ajiye buta da tabarma, su sallami 'yan makaranta a daren da ba na hutu ba, kada kuma su bari a mai da rumfarsu ofishin caca. Sarakunan zanguna da limamai da shugabannin matasa su zauna da su, a yi magana ta fahimta. Mu iyaye kuma mu riƙa leƙawa, mu zauna a benci ɗaya da 'ya'yanmu, mu saya musu cicinga, mu ga da wa suke zama. Tun ran gini ran zane. Wataƙila wani Kudus ɗin yana nan zaune a ƙasa kusa da talbijin, da ledar sobolo a hannu. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a sana'ar iyayenmu mata, amin.