Yadda A Ke Rage Kuɗin Saƙon Na'urorin Nesa

A zamanin da, wanda zai buga waya a gidan waya ya kan ƙidaya kalmominsa tukuna, domin kowace kalma kuɗi ce. Ba a doguwar gaisuwa. "Ina zuwa Talata," shi ke nan. To, dabarar nan ta iyayenmu ita ce masana su ka koma wa yau.

A ce an kafa ma'aunin ruwan sama a wata gona bayan duwatsun Karshi, ko na'ura mai auna ruwan tankin rijiyar burtsatse. Tilas ta riƙa aiko da labari gari. In aka ba kowace layin salula, sai an saya mata data wata-wata. Ga shi kuwa a Janairun 2025 hukumar NCC ta yardar wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Na'ura ɗaya da sauƙi, amma 50 fa? Ƙungiyar manoma ba ta iyawa, sai aikin ya mutu.

Akwai wata hanyar rediyo, sunanta LoRa. A Faransa aka ƙago ta, kamfanin Semtech na Amurka ya saye ta a 2012. Maganarta kaɗan ce, a hankali kuma, amma a fili ta kan kai mil 5 ko fiye, ba a kuwa biyan kamfanin waya kome. Sai a kafa tasha ɗaya ta tattara saƙon duka, ita kaɗai za a saya wa data. Watau kamar mota guda ta kwashi doyar ƙauye zuwa kasuwa, maimakon kowa ya yi shatar tasa.

Sa'an nan a taƙaita saƙon. Na'ura ta aiko da lamba tsura, ta koma barci, kada ta sake magana sai ruwa ya ƙaru ko ya ragu. Barcin nan ne ya ke sa batirinta ya yi shekaru. Ga lissafi ga 'yan aji: harafi 10 kowace sa'a, a wata 7,200 ke nan. Na'ura 50 duka ba su kai nauyin hoto ɗaya na salula ba.

Amma fa shiru ba lafiya ba ne kullum, wataƙila tsawa ta lalata ta. Don haka a sa ta yi sallama sau ɗaya a yini ko ba labari. Dutse kuma ya kan tare saƙon, saboda haka a Karshi bisa tudu ya kamata a ɗora tashar, inda za ta hangi gonakin.