Ko Ka Sani? Abin Da Ke Tattare Da Mayar Da Tsohuwar Mota Daga Otomatik Zuwa Manuwal

Ko ka san cewa a daidai lokacin da duniya ke ƙaura zuwa motar da ke canja wa kanta giya, garejojinmu na arewa sun ƙware ne a kishiyar aikin? A Amurka, cikin sababbin motoci ɗari da ake sayarwa a yanzu, da ƙyar ake samun biyu masu giyar hannu. Amma a garejojin bakin titin Bauchi da ya ratsa Tumfure a Gombe, kamar na Kano da Kaduna, ba baƙon abu ba ne ka tarar an ɗage tsohuwar Peugeot ko Marsandi, an sauke giyabos ɗinta na otomatik an ajiye a gefe, ana shirin ɗora mata na manuwal. Idan ka tambayi mai motar dalili, galibi zai ce maka shan mai ne ya ishe shi. Ni kuwa ina ganin man fetur shi ne mafi raunin hujjojinsa. Ainihin abin da ke tura mutane ga wannan aiki shi ne tambayar wa zai iya gyara motar idan ta tsaya, a ina, kuma da kayan wace kasuwa. Wanda ya fahimci haka zai gane wace mota ce ta cancanci a yi mata wannan tiyata, wace ce kuma za a nakasa ta a banza.

Tarihin garejojin ne ya sa haka. Tun da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, Fijo ta zama motar gwamnati da ta haya da ta gida gaba ɗaya. Ƙirar 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta daɗe ana yin ta a Kaduna shekaru masu yawa bayan Turai ta daina, kuma kusan duk wadda ta hau titunanmu mai kuloci ce. A kanta iyayen gidan makanikan yau suka koyi aiki, su kuma suka koya wa yaransu. Otomatik ba sabon abu ba ne a duniya, domin kamfanin General Motors ya sa shi a motar Oldsmobile ta 1940. Ga garejojinmu ne ya zo a makare, bayan darajar naira ta faɗi daga 1986 kuma sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, aka koma ga gwanjon Beljiyam ta tashar Kwatano, daga baya kuma na Amurka suka cika kasuwa. Motocin sun iso, amma ilimin gyaransu da kayan awonsu da irin man da suke sha ba su biyo su da sauri ɗaya ba.

Bambancin na'urorin biyu yana farawa ne daga yadda inji ke miƙa ƙarfinsa. A motar manuwal, akwai faifan ƙarfe mai nauyi a bayan inji wanda makanikai ke kira filawil, kuma faifan kuloci yana manne da shi kamar yadda ɗan dutsen niƙa ke danne uwarsa. Ka taka kuloci su rabu, ka sake shi su haɗe su juya tare, babu abin da ke zubewa a tsakani. A otomatik kuwa ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a wannan wuri. Akwai wani abu mai kama da ƙwarya biyu a kife da juna, cike da mai, wanda ake ce wa kombata. Ka zuba ruwa a ƙwarya ka sa ludayi a ciki, ka riƙa juya ruwan da hannu: ludayin zai bi yana zagayawa ba tare da ka taɓa shi ba. Haka inji ke juya mai, man kuma ya juya giyabos. Wannan dabara ce ta sa motar ke iya tsayawa cak a cikin giya ba ta mutu ba, har ma kombata na ninka ƙarfin inji kusan sau biyu a lokacin tashi. Sai dai ludayi ba ya taɓa kamo hannu a gudu, kuma abin da ya ɓace a tsakaninsu zafi yake zama. Shi ya sa man otomatik ke bi ta bututu zuwa lagireto domin ya huce.

A nan ne ƙasarmu ke shigowa cikin lissafin. A Gombe, watannin Maris da Afrilu zafi na kai wa maki 40, kuma mota mai tsohon lagireto da aka cika da ruwan rijiya, ga lodin fasinja da buhuna, ga hawan tudu irin na wajen Tula, tana dafa man giyarta ne a hankali har ya ƙone ya yi baƙi. Ƙara da cewa kowane irin otomatik yana da man da aka ƙera shi dominsa, alhali a bakin hanya duk jan mai sunansa man giya. Ƙara da al'adarmu ta ɗaure motar da ta lalace da igiya a ja ta kilomita da yawa: famfon da ke zagaya da mai a cikin otomatik inji ne ke juya shi, don haka idan inji a kashe yake tayoyi kuma suna juyawa, kayan ciki a bushe suke cin juna. Masu Peugeot 406 da 307 sun san labarin giyabos ɗin nan mai suna AL4, wanda da zarar bawul ɗinsa na lantarki sun fara gajiya sai ya buga da ƙarfi ya maƙale a giya ta uku. Shi kuwa manuwal, haƙoran ƙarfe ne a cikin mai, kuma yana gargaɗi kafin ya mutu: ya yi kuka, ya riƙa fitar da giya, kuloci ya fara sulɓi. Makaniken Alkaleri ko na Dukku zai iya sauke shi a gindin bishiya. Idan batir ya yi sanyi da asuba, yara huɗu sun isa su tura motar ta tashi, abin da mai otomatik ba shi da shi, in ban da wasu tsofaffin Marsandi da aka yi musu famfo na biyu domin a iya tayar da su da ja.

To amma wanda ya ɗauka aikin bai wuce a cire wannan a ɗora wancan ba, bai taɓa leƙa ƙarƙashin motar ba. Injin otomatik ba shi da filawil na gaske, wani siririn faranti ne kawai da kombata ke ɗaure a jikinsa, don haka sai an nemo filawil da ya dace da injin, da faifan kuloci da murfinsa da balinsa. A tsakiyar ƙarshen karanshaf akwai ɗan ramin da kan sandar giyabos na manuwal ke shiga ya zauna a kan ƙaramin bali ko bushi, kuma a motar otomatik sau da yawa ramin fayau yake, a wasu injinan ma ba a gyara shi don karɓar komai ba. Wanda ya manta da wannan ɗan abu da bai kai murfin kwalba ba, bayan 'yan watanni zai sake sauke giyabos. A cikin mota kuma sai an canja gidan matakai gaba ɗaya, domin matakin birkin otomatik faffaɗa ne, ya cinye wurin da na kuloci zai zauna. Sai a huda bangon da ke tsakanin direba da inji domin kebul ko famfon kuloci, a daidaita ramin sandar giya, a toshe hanyar man da ke zuwa lagireto. A motar da tayoyin baya ke ja, irin su 504 da 505 da Marsandi 200 da Biibut, tsawon giyabos biyun yakan bambanta, saboda haka furofela da ƙarfen da ke tallafe da giyabos su ma sai an canja. A nan ne ake yawan kiran mai walda ya yanke furofela ya ƙara ko ya rage, kuma furofelar da aka haɗa da ido ba tare da awo ba ita ce ke sa mota rawa da zarar ta ɗauki gudu a hanyar Bauchi. Akwai kuma aksil na baya, wanda kamfani kan ba motar otomatik mai lissafin haƙora dabam. Idan aka bar shi, motar na iya yin nauyin tashi, agogon gudu kuma ya riƙa yi wa direba ƙarya.

Aikin mai wayarin ya fi na makanike ƙanƙanta a ido, amma ya fi shi hatsari. Motar otomatik tana da makunnin da ke hana ta tashi sai sandar giya na kan P ko N. Da an cire giyabos, wannan makunni ya tafi, kuma abin da aka saba yi shi ne a haɗe wayoyin biyu kawai. Daga ranar motar za ta amsa makulli ko tana cikin giya, ta yi tsalle gaba, alhali a gidajenmu yara a gaban mota suke wasa. Fitilar ribas ma ta wannan makunni take samun wuta, shi ya sa da yawa daga motocin da aka juya suke komawa baya a duhu. Kuma a nan ne layin da ya raba tsohuwar mota da sabuwa yake. Mota mai kafireto ba ta san an canja mata komai ba. Wadda ke da ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa za ta yi ta neman ƙwaƙwalwar giyabos ɗin da aka cire, ta kunna fitilar gargaɗi, wani lokaci ta rage wa inji ƙarfi ko salansa ya rikice, sai an canja mata ƙwaƙwalwa da wayoyin da suka dace ko an sake rubuta mata umarni. Gwargwadon ƙuruciyar mota, gwargwadon yawan sassanta da ke magana da giyabos.

Mu koma ga man fetur, tunda shi ne kan bakin kowa tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a tsohuwar mota. Otomatik ɗin da aka sa wa 504 na kamfanin ZF ne mai giya uku kacal, kombatansa kuma kullum cikin sulɓi yake, don haka manuwal mai giya huɗu ko biyar zai fi shi tattali a doguwar hanya. Amma daga baya masu ƙira sun sa wa kombata wani kuloci na ciki da ke kulle shi idan mota ta miƙe, suka ƙara yawan giya zuwa biyar, shida, har takwas, ratar ta ƙanƙance, a wasu motocin ma otomatik ya wuce gaba. Ko a tsohuwar motar, sai a tambaya wata nawa za a yi ana tara rarar man kafin ta biya kuɗin giyabos da kuloci da matakai da ladan aiki. Ga ɗan hayar da ke zirga-zirga tsakanin Gombe da Bauchi kullum, lissafin na iya fita. Ga ma'aikacin da iyakarsa Tumfure zuwa sakatariya da dawowa, da wuya. Sau da yawa ma abin da ke shan man ba giyabos ba ne, kafireto ne da ya buɗe, ko fulogi da suka mutu, ko tayoyi marasa iska.

Akwai masu ƙin aikin gaba ɗaya, kuma hujjarsu ta fi ta masu zancen mai ƙarfi. Wasu na cewa laifin ba na otomatik ba ne, na rashin kula ne, kuma maimakon a gudu daga na'urar gara a koyi gyaranta. Gaskiya ne, kuma masu gyaran otomatik na ƙaruwa a manyan garuruwa. Sai dai mai motar da ta shekara talatin ba zai jira garejoji su waye ba, kuma giyabos na gwanjo da zai saya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna sa'an wanda ya mutu ne, ba a iya sanin lafiyarsa sai an ɗora, alhali na manuwal ana iya buɗe shi a ga haƙoransa da ido. Wasu kuma na duba daraja: a Turai masu tara tsofaffin motoci sun fi biyan kuɗi a kan wadda take yadda ta fito daga kamfani. Wannan ya shafi motar da ba ta da yawa kuma jikinta lafiya lau, irin wadda dattijo ya ajiye a rumfa tun zamanin aikinsa, kuma ko ita maganin mai sauƙi ne, a adana tsofaffin kayan kada a sayar wa 'yan gwangwan. Hujjar da ba ni da amsarta ita ce ta jiki. Dattijo mai ciwon gwiwa, ko uwargidan da a otomatik ta koyi tuƙi, idan aka juya motar gida an raba su da ita ne, kuma ba kasafai ake shawara da su ba kafin a kira makanike.

Saboda haka sharaɗin da nake ganin ya raba aikin kirki da ɓarna guda ɗaya ne: kamfanin ya taɓa fitar da wannan ƙirar, da wannan injin, a manuwal? Idan ya yi, kamar yadda yake ga 504 da 505 da 406 da tsofaffin Marsandi da Golf, to ramukan kusoshi suna nan a jikin motar suna jira, kuma hanyar da ta fi ita ce a samo 'yar'uwarta da ta yi hatsari ko ta ruɓe, a kwashe komai daga jikinta lokaci guda, tun daga matakai har furofela da wayoyi, maimakon a tsinto kowane yanki daga shago dabam. Idan bai yi ba, kamar manyan motocin Amurka da yawa, duk abin da za a ɗora ƙirƙira ce ta walda da guduma. Mai sayen tsohuwar mota kuma zai iya gane wadda aka juya tun kafin ya buɗe bonet: agogon gabanta na iya nuna haruffan P, R, N, D alhali sandar hannu ce a ƙasa, matakin birki na ɗauke da tabon inda aka yanke shi, kuma idan aka sa ribas aka zagaya baya, fitilar ba ta kawo wuta.