WANNE ZA A FARA CANZA WA KWAMFUTA, RUMBU KO ƘWAƘWALWA?

Wani malamin makarantar sakandare a ƙasar Kaugama ya aiko mana da takarda yana neman shawara. Ya ce makarantarsu na da waɗansu tsofaffin kwamfutoci da yara ke koyon aiki da su, domin tun shekarar 2015 ba a rubuta jarrabawar JAMB sai da kwamfuta. To, ga na'urorin sun yi nauyi, in an kunna su sai rabin darasi ya wuce ba su gama farkawa ba. Iyayen yara sun tara ɗan abin da ya sawwaƙa don gyara. Wani makaniki a Haɗejiya ya ce a canza ƙwaƙwalwar, watau furosesa. Wani kuma a Kano ya ce a'a, rumbun ajiya ne ya gaji. Kuɗin kuwa ba su isa a yi duka biyu ba.

Mun ga ya kamata mu amsa a fili, don mun san akwai akawuna da malamai da yawa da wannan tambaya ke damu.

MISALIN OFIS

Kowa ya san yadda ofis ke tafiya tun zamanin En'e, kafin a mai da ita ƙananan hukumomi a 1976. Akwai akawu, akwai teburinsa, akwai ɗakin ajiyar fayil da masinja mai kai da kawowa. To, haka kwamfuta take. Furosesa shi ne akawu, shi ke lissafi da yanke magana. Abin da ake kira RAM shi ne tebur, inda ake baza takardun da ake aiki a kansu yanzu. Rumbun ajiya kuwa shi ne ɗakin fayil tare da masinjansa.

Yanzu a ce akawu gwani ne, amma masinja tsoho ne, kowane fayil sai ya yi laluben kabad kafin ya samo. Me zai faru? Akawu zai zauna ya yi tagumi, jama'a kuwa na bakin ƙofa suna zaginsa, alhali ba laifinsa ba ne. In aka sallame shi aka kawo wanda ya fi shi ilmi, shi ma tagumin zai yi. Yawancin kwamfutocin ofisoshinmu da makarantunmu wannan ita ce cutarsu.

RUMBU IRI BIYU

Tsohon rumbu faifai ne na gaske, yana juyawa kamar na garmaho, da ɗan hannu mai bin sa yana karantawa. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irinsa a 1956. Wancan na farko faifai 50 gare shi, kowanne faɗinsa ƙafa biyu, duk da haka abin da yake ɗauka bai wuce harafi miliyan 5 ba, watau kamar hoto guda na wayar hannu ta yau. An ƙanƙantar da shi ƙwarai daga baya, amma dabarar ba ta sake ba. Na cikin kwamfutocinmu yakan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, ya kawo megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa.

Sabon rumbu, wanda ake kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. Ko mai arahar cikinsu yakan kawo wajen megabait 500 a daƙiƙa. Amma ba nan babban bambancin yake ba. Wajen nemo ƙananan fayiloli barkatai, wanda shi ne aikin da kwamfuta ta fi yi in tana tashi, SSD ya fi faifai sauri ninki barkatai, don ba ya jiran faifai ya zagayo.

Ga kuma wata fa'ida ga mutanen ƙasarmu. Faifai ba ya son jijjiga, mu kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka a bayan babur take yawo, daga ƙauye zuwa sakatariya. SSD bai damu da gargadar hanya ba, ba ya kuma cin wuta kamar faifai, abin da mai dogara da batir ko hasken rana zai yi murna da shi.

WAHALAR CANZA ƘWAƘWALWA

Furosesa kuwa ba a canza shi da garaje. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na shekarun nan an like shi da dalma a jikin allon na'urar, ba ya fita. A manyan kwamfutocin tebur yana fita, amma kowane allo da irin mazaunin da yake karɓa, sabon furosesa ba ya zama a tsohon mazauni. Saboda haka wanda za a iya sa maka, tsararsa ne na wanda aka cire, bambancinsu kaɗan ne. Mai buga wasiƙa da lissafin albashi da sakamakon jarrabawa da ƙyar zai lura an yi wani canji.

Kafin ma a zargi furosesa, a duba ƙura. Hunturu kan toshe fankar kwamfuta, bazara kuwa ta zo da zafin da kan haura digiri 40. In furosesa ya yi zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Sau da yawa share fanka da sabunta man da ake shafa masa ya isa ya dawo da ƙarfinsa.

YADDA ZA KA GANE DA KANKA

Ba sai ka dogara da bakin makaniki ba. Lokacin da kwamfuta ke nauyin nan, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Dubi layi uku. In Disk ya tsaya a 100, CPU kuwa na ƙasa, masinja ne ya gaza, sai SSD. In Memory ne ya cika, tebur ne ya yi kaɗan, a ƙara RAM daga gigabait 4 zuwa 8. In kuwa CPU ne kullum a 100 alhali fanka tsaf take, to, akawun ne da kansa. Wannan ya fi samun masu haɗa bidiyo da zanen gine-gine.

INDA SHEKARUN FUROSESA KE DA MAGANA

Akwai abu guda da ba za mu ɓoye ba. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, bisa ƙa'ida ba ta karɓar yawancin furosesan Intel da suka girmi tsara ta takwas, wadda ta fara fitowa a 2017. Ana gane tsarar daga lamba: i5-4300 ta huɗu ce, i5-8250 ta takwas. Yawancin na hannu da ake kawowa daga Ikko da Kano sai an duba wannan da kyau kafin a biya.

In kwamfuta ta kasa wannan sharaɗi, SSD ba zai mai da ita yarinya ba, canjin furosesa ma da wuya ya yi, sai dai sabuwar na'ura. Amma don koya wa yara buga rubutu da gwajin jarrabawa, tsohuwar da SSD ta wadatar, ana kuma iya sa mata Linux, wanda kyauta ne. Wadda ke riƙe da lissafin kuɗin hukuma kuma tana hawa intanet, ita ce ya kamata a fara yi wa tanadin sabuwa.

SHAWARARMU

Malam, ku sayi SSD, ko mai gigabait 256 ya ishi aikin makaranta. In canji ya ragu a ƙara RAM. A saya a wurin wanda zai ba da rasit da lamuni, don jabu ya yi yawa, araha kuwa ba ta ado. Ko nan gaba aka sami sabuwar kwamfuta, ana iya cire shi a ci gaba da amfani da shi, kuɗin iyayen yara ba su faɗi ba.

Gargaɗi na ƙarshe: faifai yakan yi ƙara kafin ya mutu, SSD kuwa yakan mutu farat ɗaya, ceto abin da ke ciki sai an sha wuya. Kada a yar da tsohon faifan in yana da sauran lafiya. A sa shi a ɗan gidansa na USB, a riƙa kwafe sunayen ɗalibai da sakamakonsu a ciki kowane mako, a ajiye shi a wani gini dabam, a wuri mai tudu. Mutanen kwarin kogin Haɗejiya da suka ga ambaliyar 2022 ba sa bukatar a gaya musu dalili. Allah Ya kiyaye, Ya kuma ba yaranmu sa'a, amin.